Irin geron Cima

A ƙauyen da ke gindin dutse, gabas da Tabotaki, in ka ce Cima ba sai ka ƙara sunan uba ba. Gajera ce, mai faɗa, ga rowa kan abu guda: irin geronta. Za ta ba ka zane, za ta ba ka akuya aro, amma ka roƙi zangarniyar iri ɗaya, sai ta dube ka kamar ka zagi kakanta.

Wajen uwarta ta gaji irin. Gero ne gajere da ke nuna da wuri, wanda ke haƙuri da ƙasar duwatsun Adar. A shekarun yunwa mutane suka cinye nasu iri, daga baya suka koma sayen na kasuwa. Cima ta kwana da yunwa da ƴaƴa huɗu, iri na rataye bisa kanta, ba ta taɓa shi ba. Tana ƙuruciya ta ɗauki duwatsu a ka wajen aikin tare ruwa a gangare, har wuyanta ya kasa juyawa sosai. Da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ita ta riƙe gonar.

Ba ta zaɓen iri a gida. Kafin girbi take shiga gona da sassafe, ta bi kara ɗaya ɗaya, ta murza zangarniya, ta ciji ƙwaya, ta yanke wadda ta yarda da ita. Abin da take dubawa kuwa, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ɗanta na fari, Nazifi, ya yi lakwal, wato karatun boko, har ya samu aiki a ɗakin karatu na sashen noma a jami'ar Tawa. Aikinsa shi ne ya ɗauki hoto da muryar manoma, ya zuba a na'ura, ɗalibai su buɗe su gani lokacin darasi. Ya zagaya Madawa, Buza da Keita, ya tara tsofaffi sama da talatin: mai albasa, mai gina ramukan taki, mai maganin tsutsa. Uwarsa kaɗai ta gagare shi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna gabansa tana zuba zance. In ya ɗaga waya sai ta ja gyale ta shige ɗaki. Abin yana cin ransa, domin ya san duk cikin talatin ɗin babu wanda ya kai ta.

Bana damina ta yanke da wuri, tsutsa ta gama da sauran. Sai ga saƙo ta bakin ƙanwarsa Balkisu, wadda ke aure a Azarori.

"Yaya, Inna ta ce in gaya ma wancan na Tawa shi taho da abin ɗaukar maganarshi. Ta ce iri na bana runguma guda ne tak, kuma ƙahwahunta sun gaji. Ta ce ba a zancen iri sai da zangarniya ga hannu."

Nazifi ya yi murna kamar ya tashi sama. Sai dai makon buɗe karatu ne, ɗalibai sun cika ɗakin, kowa na neman a buɗe masa lambar shiga. Ya ce bari ya kai Jumma'a. Jumma'a ta zo, ya ce ta gaba. Mutum kan ɗauka uwarsa kamar dutsen garinsu take, kullum tana nan.

Ran Talata aka sami Cima kwance a bakin ɗakinta, rai ya yi halinsa. Kafin Nazifi ya samu mota ya iso, an rufe ta. Ya zauna kan tabarma cikin maza yana karɓar gaisuwa, waya a aljihu, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Abin da ke ɗan sanyaya masa rai shi ne irin yana nan. Maganar ta tafi da mai ita, amma zai kai zangarniyar ga malaman noma, su shuka, su bincika.

Ran sadakar uku matan unguwa suka hau aiki tun da asuba. Rumbu babu komai, gona ba ta ba da abin kirki ba, ga baƙi sun cika ƙofar gida. Wata amarya da aka kawo daga wani gari ta shiga ɗakin mamaciya neman ƙwarya, ta ga gero mai kyau a rataye, ta ce Allah ya rufa asiri. Aka sussuke, aka surfa, aka daka.

Aka kawo wa maza fura. Nazifi, wanda bai sa komai a ciki ba kwana biyu, ya sha ludayi uku. Wani tsoho kusa da shi ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa.

"Wanga ɗanɗano na san shi," in ji shi. "Ina anka samo geron ga?"

Daga cikin gida sai aka ji ihun Balkisu. Ta fito ba ko gyale, riƙe da igiyar kaba da uwarsu ke ɗaure iri, babu komai a jikin igiyar.

Nazifi ya dubi ƙwaryar da ke gabansa. Saura kaɗan a gindi. Tsohon ya matso masa da ita a hankali.

"Shanye, ɗana," ya ce. "Ba a barin na uwa."