Mutumin da ba a gaishe shi a kasuwa

Kowace Talata, kafin hantsi ya dubi ludayi, Malam Zubair ya ɗaure akwatinsa a bayan babur. Daga Rogo sai Zoza, ya biya ta Beli, ya ƙare a Fulatan. Ma'aikacin asibiti ne, aikinsa canza wa tsofaffi robar fitsari. Shekara talatin da ɗaya yana wannan yawo. Nesa yake ajiye babur, ya zagaya ta bayan danga, don kada maƙwabta su gane gidan da ya shiga.

Da me aka saka masa? Ku je kasuwar Karaye ku gani. Dattijon da fitsari ya tsaya masa kwana biyu, mara ta kumbura kamar tulu, yana birgima har Zubair ya zura masa roba ya samu sa'ida, shi ne zai hango shi ya shige rumfar masu goro. Wai in aka ga suna gaisawa, za a san abin da ke ƙarƙashin babbar riga. Kunyar banza!

Bana ya yi ritaya. Aka nemi magajinsa, na sama suka ce a kawo sunayen mabuƙata tukuna. Sunayen suna kan Zubair, amma ya ce, "Asirin mara lafiya ba nawa ba ne." Takardar da aka kawo don mabuƙata su dangwala ta yi sati uku a zauren mai unguwa, ko dangwale ɗaya babu.

Ran Juma'a bayan an sauko, dattawa na zaune a ƙofar zauren, sai ga Baffa Jibo, makiyayin Fulatan, da sandarsa.

"Ina takardar?"

Mai unguwa ya rage murya. "Baffa, mu shiga daga ciki."

"Cikin ina?" Ya yaye riga, ga jakar fitsari ɗaure a cinya. "Shekara shida ke nan. Ba don Zubair ba, da ƙodata ta ruɓe, da tuni an raba shanuna. Ku masu kallon ƙasa, babur ɗin nan ba gidana kaɗai ya sani ba."

Ya dangwala. Mutum uku suka bi shi, suna tari.

Malam Zubair, kai ne bangon da aka jingina aka juya wa baya. Ka rufa asirin waɗanda suka ƙi ba ka hannu, ba ka taɓa goranta wa kowa ba. Mun gode, Allah ya rufa naka duniya da lahira. Matasan asibiti, ga hanya an share muku.

Ku kuma sauran dattawa, takarda tana nan a zaure, yatsa huɗu ne kawai a kai. Roba ba ta san kunya ba. Wata guda take yi, dole a canza ta.