Taɓaryar da Ta Kashe Gadu

Duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli mai yaji a kasuwar Rogo, da wuya in ba daga hannun Turai ya fito ba. Gajera ce mai kaurin damtse, wadda ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba ko a gidan rasuwa. Rabin rayuwarta a gidan haya ta yi shi a Kano tana matsar man gyaɗa, mijinta Abdulmutalib yana tuƙa motar wata ma'aikata. Da ya yi ritaya aka kuma sayar da gidan, sai suka ɗaure komatsansu suka nufi wani ƙauye a Gwangwan, asalin mahaifiyarsa.

Tarba kam an yi musu. Mai unguwa Sulle ya ba su filin gida a ƙarshen gari, da gona manne da shi, jar ƙasa mai laushi irin wadda gyaɗa ke so. Abdulmutalib har da ƙwalla.

"Kin ga mutanen ƙauye ko?" ya ce. "Zuciya fara tas!"

Fara tas, in ji shi! Abin da aka rasa mai buɗe baki ya faɗa shi ne, a garin nan gonar bakin daji ta baƙo ce tun kaka da kakanni. Gadu, wato aladen daji, in ya fito kiwo da ita yake karya kumallo, kafin ya kai gonakin 'yan gari ya ƙoshi. An mai da bayin Allah danga, kuma har ana karɓar godiya.

Turai ba ta san wannan ba. Ta shuka gyaɗa, ta kafa turminta, kafin damina ta yi nisa matan gari sun saba da manta. Shirinta in an cire gyaɗar bana ta daina sayowa daga kasuwa. Gyaɗa na fara ƙosawa, sai aka wayi gari kunya bayan kunya an tone, kamar an bi da garma.

"Baban Bahijja," ta ce, "in aka cinye gonar nan, turmina ya kife. In ya kife kuwa, shayin nan naka na safe da madara, ka yi masa bankwana."

Maganar shayin ce ta tayar da shi. Ya je wurin tsohon maharbi Ɗanmaliki ya aro bindiga harba-ka-ruga. Tsohon ya nuna masa ramin gadun a gindin wani tsohon suri, can ƙarshen gonar, ya ce, "Ka tsaya ta sama, bayan ramin. Shi da baya yake shiga, fuskarsa na kallon ƙofa."

"Haba Baba," in ji Abdulmutalib, "mutumin da ya yi tuƙi a Ƙofar Ruwa za a koya wa kauce wa abu?"

Da hantsi ya tafi, da takalmin ruwa da hular sanyi. Ya tsaya bayan ramin kamar yadda aka ce. Shiru. Ya yi gyaran murya, shiru. Sai haƙurin direba ya ƙare, ya zagayo gaba ya durƙusa, ya kunna fitilar waya, ya leƙa don ya ga ko maigidan yana ciki.

Yana ciki.

Bindiga ta tashi, ta harbi reshen ɗorawa. Gadu ya bi ta tsakanin ƙafafun Abdulmutalib ya watsar da shi cikin ƙaya, ya miƙa a guje jela a sama, bai zame ko'ina ba sai dangar gidan. Ya cusa kai tsakanin itatuwa biyu, haurensa ya maƙale. Turai tana tsaye a kan turmi tana matsar mai, sai ga mummunar fuska duk ƙuraje tana huci kusa da kwanonta.

"Au, kai ne?" ta ce. "Har gida ka biyo sauran?"

Ba ta daina sauke masa taɓarya ba sai da ya daina motsi. Maza suka zo da igiya suka ja shi daji aka binne, kowa yana riƙe da gefen rigarsa. Aka ɗebo Abdulmutalib daga cikin ƙaya. Mai unguwa ya sa albarka har da ɗaga hannu.

Washegari ba wadda ta aiko sayen mai. Jibi haka. Turai ta yafa mayafi ta shiga gidan maƙwabciyarta Zuwaira.

"Lafiya kuka ɗauke ƙafa?"

Zuwaira ta sunkuyar da kai. "Maman Bahijja, ba wani abu ba ne. Taɓaryar ce. An ce ta taɓa abin nan."

"Na wanke ta da ƙasa, na wanke da sabulu. Liman ma ya ce ta tsarkaka."

"Eh, ya faɗa. Zuciya ce dai ba ta kwanta ba."

Ku ji rashin ta ido! An ba mace gonar alade, ta kashe musu alade, yanzu kuma ita ce mai ƙazanta. Turai ba ta koma gida ba, sai ƙofar mai unguwa, inda dattawa ke zaune a inuwa. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali da dabbobi, sannan ta ɗaga murya yadda matan cikin gida za su ji.

"Ranka ya daɗe, shawara na kawo. Tunda man gyaɗata ya haramta, baɗi barkono zan shuka a gonar, daga wannan kunya har waccan. An ce gadu ba ya cin barkono. Zai dai wuce ta ciki da yunwarsa. Gonar wa ke bayan tawa ma?"

Mai unguwa Sulle ya gyara zama. Tasa ce. Ta Ɗanmaliki na biye.

"Haba 'yar nan," ya ce, "ai ba a yanke shawara cikin fushi."

"Wane fushi, ranka ya daɗe? Taɓarya ce ba ni da ita."

Kafin la'asar sabuwar taɓarya ta iso daga gidan mai unguwa. Ta Ɗanmaliki ta biyo baya, da saƙon cewa zai riƙa zagaya bakin dajin da karnukansa. Zuwaira ta kawo tata da kanta, kwalbar mai a ɗaya hannun, tana cewa ita dama ba ta yarda da zancen ba.

Turai ta cire gyaɗarta a shekarar, abin da gadu ya rage. Tsohuwar taɓaryar tana nan jingine a bakin danga, ba ta ƙara shiga turmi ba, ba kuma mai taɓa ta. Abdulmutalib kuwa, a teburin mai shayi a can Ƙaraye, inda ba wanda ya ga abin da ya faru, yana ba da labarin yadda ya koro gadu daga rami da dabara, ya kaɗo shi daidai inda ya ajiye iyalinsa.