Yumɓun da Na Sa Aka Tace

Ana sallame sallar asuba muka fito daga makaranta, ni da wani ɗalibina ɗan aji biyar, kowa da akwatin katako a ka. Ban taɓa zaton zan ratsa Birnin Kudu da kaya a ka kamar ɗan dako ba, ga ni malamin sakandare guda, amma abin da ke cikin akwatunan ba na ba wa kowa ba ne. Ayyukan yumɓu ne guda shida, waɗanda yaron ya shafe wata bakwai yana ginawa. Kwana goma suka rage ya tafi Zariya intabiyun shiga sashen zane-zane, kuma takardar da aka aiko masa ta ce lallai ya zo da zanensa na takarda, ya kuma zo da aikin hannu wanda za a iya ɗagawa a jujjuya. Ɗanyen yumɓu kuwa ba ya zuwa Zariya a motar haya, ko Wudil ba zai kai ba. Dole sai an gasa shi.

'Yan'uwana malamai za ku ce ai muna da tanderu. Muna da shi kam. Tun bara, da kuɗin mai suka fara zuba, aka aiko mana da wani tanderun lantarki daga Ikko, fari tas, yana ƙyalli. Har yau yana cikin akwatinsa a bayan ɗakin zane, don injin makarantarmu da kyar yake riƙe fitilun ɗakunan kwana. Kajin mai gadi ne kawai suka amfana da shi, a ƙarƙashinsa suke shan inuwa. Da na ga ruwa na neman ƙare wa ɗan kada, sai na tuna mahaifiyar yaron maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Gwaram, kuma duk jajibirin kasuwa suke gashi. Na nemi izinin kwana biyu, na ce wa yaron ya shirya. Ya ce to.

A tasha muka sami a-kori-kura. Ɗan kamasho ya ɗaga akwati ɗaya ya ji nauyi, ya ce ko duwatsun garin muke gudu da su. Ya ce sule huɗu kowane akwati. Yau shekara biyu ke nan da zuwan naira da kwabo, amma a tasha har yanzu sule ke mulki. Ya so ya ɗaure su a saman mota tare da buhunan gishiri da bokitan roba, na ce sam, a cinya za mu riƙe. Haka muka zauna, gwiwa na gugar gwiwa, akwati ya tokare min haɓa.

Hanyar kuwa rabi kwalta rabi alkawari. Ana ta aiki, ga katafila ga tulin tsakuwa, sai direba ya sauka daga titi ya bi ta gonaki, ya sake hawowa. Bazara ta kai bazara, ƙasa ta yi fari, manoma sun gama sharar gona suna ta kallon gabas. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar haƙarƙarina ne ya tsage, in dubi yaron, shi kuma ya rungume akwatinsa ya yi shiru. Dama shi ba mai yawan magana ba ne. A shekara biyun da na yi ina koyar da shi ban san ya taɓa ɗaga murya ba, hannunsa ne mai surutu.

A Kangire motar ta yi zafi, direba ya ce kowa ya sauka ta sha ruwa. Muka koma gindin wata tsamiya inda mata ke sayar da fura da nono da mangwaro, ƙwarya guda ta ishi mutum biyu. Na ce a buɗe akwati mu ga ko wani abu ya taɓu. Yaron ya ɗage ciyawar da muka shimfiɗa, ya fito da wanda ya fi kowanne kyau, wani sa mai tozo, ya sunkuyar da kai kamar zai sha ruwa. Ya fara shi ne bayan na kai 'yan ajinsu kallon zanen shanun nan na cikin kogon dutse a bayan gari.

Wani dattijon Bafulatani da ke tsaye da sanda a kafaɗa ya matso ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai yatsa kusa da wuyan san, bai taɓa ba.

Ya ce, “Bunaji ne wannan. Wa ya yi shi?”

Na nuna yaron.

Ya ce, “Kai ka taɓa kiwo. Ga shi ya gaji, tafiya ya sha.”

Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa na baje kafaɗu kamar ni aka yaba. Da na san wannan dattijo shi ne baƙo na farko kuma na ƙarshe da zai yaba san nan, da na bar shi ya more kallo, amma sai na ce a mayar, kada iska ta taɓa shi. Akwai mai hoto a bakin tashar Birnin Kudu, na yi tunanin kai masa kayan kafin mu taso, na fasa. Na ce a bari sai sun gasu sun yi ja, hoton zai fi fitowa.

Mun wuce Sara hantsi ya ɗaga, muka isa Gwaram gab da azahar. Garin ya canja tun zuwana na baya. Ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa ya sayi sabon babur da rediyo, sai ka ga mutum yana tafe a hankali don a gan shi da kyau. A bakin kasuwa kwanukan sha da robobi sun ci rumfa uku, masu tukwane an tura su can ƙarshe kusa da turakun jakuna. Muka ci shinkafa da wake, muka yi salla, muka sake ɗora kaya a ka. Tafiyar kamar sa'a guda ce a ƙasa, ta cikin yashi da kargo.

Mun tarar da matan ƙauyen a fili bayan gidaje, sun fara jera tukwane a kan kara. Tuluna, randuna, kasake, kowanne an kife shi a jikin ɗan'uwansa. Gwaggon yaron ce ta tare mu, wata doguwa mai fara'a, ta yi ta sa masa albarka tana tsokanarsa wai boko ya ramar da shi. Mahaifiyar kuwa ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi hanya da gajiya, amma ko inda ɗanta yake ba ta duba ba. Shi ma ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri.

Muka fito da kayan muka jera: san nan, da rumbu, da hannuwa biyu suna murza igiya, da wata mai daka wadda bai yi wa fuska ba, da jaki da mangala, da wata tukunya mai baki uku. Matan suka yi ta salati suna dariya. Mahaifiyar ta ɗauki san da hannu biyu, ta auna nauyinsa, ta ƙwanƙwasa cikinsa da farce, ta kara shi a kumatunta.

Ta ce, “Malam, da me aka kwaɓa?”

Nan fa na sami abin da nake so. Na gyara tsayuwa na yi mata lacca. Na ce wannan yumɓu sau uku na sa aka jiƙa shi aka tace da ƙyalle, babu yashi, babu tsakuwa, babu ko ɗigon datti, sumul kamar man shanu, yadda aka koya mana a kwaleji. Abin da ban faɗa ba, don ban ma tuna ba, shi ne a kwaleji tanderu ne ke ɗumama kaya sannu a hankali, yini guda cur. Wutar kara kuwa ba ta san sannu ba.

Ta ce, “To. Malam ya fi mu sani.” Sai ta ƙara da cewa, “Ko a bar su su kwana biyu a bakin murhu?”

Na ce, “Inna, babu lokaci. Gobe za mu koma.”

Ta kwashe su ta kai can gefen tulin, inda wuta ba ta da ƙarfi, ta fara rufe su da fasassun tukwane. Ni kuma zuciyata ta ba ni wai ƙyamar su take yi, don a gari ma akwai masu ce min malamin gumaka. Raina ya ɓaci. Na ce a'a, a tsakiya za a sa su, inda zafi zai game su ko'ina. Ta dube ni, a karo na farko ta saci kallon ɗanta, sannan ta kwaso su ɗaya bayan ɗaya ta sa inda na nuna, a tsakiyar tulunanta.

Bayan la'asar aka lulluɓe tulin da ciyawa da busasshen kashin shanu, aka yi bisimilla aka cinna. Wutar ta tashi lokaci guda, har sai da muka ja da baya. Ban gama gyara hulata ba na ji tau! kamar an harba bindigar toka. Wata mata ta ce, “Subhanallahi.” Can sai wani, sai wani. Ina tsaye ina ƙirgawa a zuci, har biyar. Yaron yana tsugune, ya zuba wa wutar ido, ko motsi bai yi ba. Mahaifiyarsa ta ci gaba da tura ciyawa da doguwar sanda inda wuta ta ci, kamar ba ta ji komai ba.

An kawo min tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu, na kasa kai loma uku.

Da safe aka tone toka. Tukwanen gefe sun fito jajaye, ka ƙwanƙwasa su amsa. A tsakiya kuwa sai tarkace. Rumbun ya rabe uku, hannuwan sun zama gari, mai daka babu ita babu turminta, jakin sai ƙafa ɗaya muka gane. Tukunya mai baki uku ba ta yi ƙara ba, amma ana ɗaga ta gindin ya zauna a ƙasa. San kuwa tozonsa kawai na tsinta, da ƙaho guda. Tuluna huɗu na mahaifiyar sun tafi tare da su, ga kasuwa ta kama a ranar. Na yi maganar biya, ta ce Allah ya kiyaye, ai wuta ba ta da aboki.

Gwaggon ce ta raka mu bakin gari. Da yaron ya yi gaba, ta rage murya.

Ta ce, “Malam, kada ka ga kamar ba ta sani ba. Tana ɗagawa ta sani. Mu nan sai mun daka tsingaro mun zuba a yumɓu, da ɗan ƙaiƙayi, shi ke ba wuta hanya. Kuma abu mai kauri haka sai an rarake cikinsa.”

Na ce, “To Gwaggo, me ya hana ta hana ni?”

Ta ce, “Ɗan farinta ne fa. Ko sunansa ba ta kamawa. Ta tsaya gaban baƙo, malaminsa, a tsakiyar mata, tana ja-in-ja a kan kayansa? Ai sai a yi da ita har ta mutu. Da na ɗan wata ne, wallahi da ba ka isa ka sa su a wutar nan ba. Ni kuma da ta yi shiru, ban ga bakina a ciki ba.”

Ni ma Bahaushe ne, uwata ma ba ta kama sunan yayanmu. Na san wannan kunya tun ina cikin zani. Amma ran nan, da takardar kwaleji a kaina, na ga mace tana iyakar ihun da al'ada ta yarda ta yi, na ɗauka amincewa ce.

A dawowa motar ta fi sauƙi, akwatunan suna sama tare da kajin mutane. Wajen Kangire na daure na ce masa in sha Allahu zan rubuta wa malaman Zariya takarda in yi bayani. Ya ce ya gode. Sai na tambaye shi ko shi ma ya san za su fashe.

Ya ce, “Na yi zato, Malam.”

Na ce, “Ka yi zato, ka yi shiru wata bakwai?”

Ya juya yana kallon gonaki. Sannan ya ce, “Na faɗa, Malam. Sau ɗaya. Ranar da muka fara tacewa.”

Sai a lokacin abin ya dawo min. Ya ɗaga hannu a aji ya ce a gidansu ana zuba garin tsingaro. Ni kuma na ce masa nan makaranta ce, fasaha muke koyo, in tulu yake son ginawa ya koma Gwaram. Ajin ya fashe da dariya, har da masu buga tebur, na ji daɗin kaina ƙwarai ran nan. Na manta da maganar kafin a tashi tara. Shi bai sake ɗaga hannu ba.

Mun iso Birnin Kudu ana kiran la'asar, hadarin farko na bana yana haɗuwa a gabas. Sabon gini ba zai bushe a kwana takwas ba, ga jarrabawar fita ta matso. Abin da wannan tafiya ta koya min ba mai yawa ba ne, amma ya yi tsada, kuma ba ni na biya ba. In ɗalibi mai kunya ya buɗe baki sau ɗaya, to ku tsaya ku ji, don wataƙila ba zai ƙara ba. In kuma kun je gaban masu sana'a, ku tambaya kafin ku yi bayani. Da-na-sani ƙeya ce, ni kam na shafa tawa har ta yi zafi.

Jiya da safe ya tafi Zariya, da zanensa goma sha biyu a cikin kwali, da takardar da na rubuta, wadda a ciki na faɗi laifina ban rage komai ba. Ko za su karanta, ko za su ɗauke shi, Allah masani. Kafin ya wuce tasha ya biyo ta gidana sallama. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa min. Na buɗe baki da niyyar in ce ni ne mai neman yafiya. A takarda na iya faɗa wa mutanen da ban sani ba, amma ga shi a gabana, sai na ji bakina ya ce, “Ba komai. Allah ya ba da sa'a.” Ya ce amin, ya sa takalminsa ya tafi.