Awa Goma a Kan Keke

Shekara talatin da ɗaya Tela ya yi a shagonsa na ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Shago ne da tabarma biyu za su cika shi. In ya miƙa hannun dama ya ɗauko almakashi, in ya miƙa na hagu ya jawo dutsen guga, don haka ba abin da ke ta da shi daga kujera sai salla. Tun yana siriri yake zaune a wurin, har tumbi ya zo ya same shi.

Ranar da aka gano yana da ciwon suga, likitar, wata matashiya mai saurin magana, ta tambaye shi ko yana motsa jiki.

"Ai ni kullum ina kan keke, Likita."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah. Awa goma ma nakan yi."

Ta dubi tumbin, ta dube shi, ta rubuta. Ba ƙarya ya yi mata ba, ita kuma ba ta tambayi wane keken ba. Wata takwas aka yi ana canza magani suga bai sauka ba, sai ranar da 'yarsa Auta ta raka shi asibiti ta ji likita tana yaba masa hawan keke.

"Keken ɗinki fa yake nufi," in ji Auta. "Shi ma mai motar lantarki ne, ba a taka shi. Ni na sa masa motar lokacin da na fara aiki, don ƙafafunsa su huta."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta sa ya cire takalmi ya rufe ido, ta riƙa taɓa yatsun ƙafarsa da wani siririn tsinke. Na dama duk ya ji. Na hagu kuwa, yana ta jira a fara, ashe an gama.

"Baba, ƙafar nan muke ƙoƙarin ceta," ta ce. "Rabin awa kullum, tafiya ko keke na gaske. Kuma ka kiyaye, kada ka ji rauni a ƙafa."

Tsoro ya kama shi sosai. Washegari ya fita tafiya a unguwa, amma ina zai taka? Gefen titi 'yan tebur sun cinye, abin da ya rage kwata ce a buɗe. Filin da suka buga ƙwallo suna samari ya zama jerin shaguna tun tuni. A kwana na huɗu wani mai babur ya goge masa ƙauri ya wuce ko waige babu, matarsa ta ce in dai tana raye ya gama tafiyar titi.

Auta ce ta gano a wayarta akwai filin motsa jiki na gwamnati, kyauta, na kowa da kowa. Kowa da kowan nan sai ya hau mota biyu, ya tsallaka gadar sama mai matakala hamsin da huɗu. Tela ya ƙirga su, don a kan kowacce sai da gwiwarsa ta yi magana. Zuwan farko ya isa ƙarfe biyar da minti goma, ya tarar mai gadi yana ɗaura kwaɗo.

"Takwas zuwa biyar ne, Baba."

"To masu aiki fa, yaushe za su zo?"

"Ni ma mai aikin ne. Shekara shida ina nan, ban taɓa hawa kekunan nan ba."

Zuwa na biyu da azahar ya rufe shago. Kekuna shida ne kafe a ƙasa, huɗu babu feda. Ya jira layi, ya hau, ya yi ta murzawa yana kallon katanga. Shi dai bai taɓa ganin keken banza irin wannan ba, ba ya ɗinki, ba ya kai mutum ko'ina. Amma da ya sauka ya ji ɗumi har cikin tafin ƙafarsa, ya ji daɗi, ya ji haushi kuma. Awa huɗu a hanya don rabin awa. Sau biyar ya jure. A na shida ya dawo ya tarar wata da ya shekara ashirin yana mata ɗinki ta bar sallahu wurin mai aski, a ba ta yadinta ta kai wani wuri. Gajiya ta hana shi ko yin fushi.

Da safe Auta ta biyo shago, ta ga an cire motar keken ɗinkin an ajiye a kan kantar shagon, an naɗe ta da ƙyalle mai kyau. Tsohuwar igiyar fata ta koma kan keken, yana ɗiga wa matakin mai.

"Baba, Likita ta ce wannan ba zai isa ba."

"Na ji ta. Da babu gara ba daɗi, Auta. Shi ne dai a kusa."

Ya gyara zama, ya cire takalmi. Ƙafar dama ta ji sanyin ƙarfen nan take. Ta hagu kuwa, sai da ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin keken kafin ya san ta hau.