Noman da Na Yi wa Maƙwabciyata

Shekara talatin da ɗoriya ina malamin gona a ƙauyukan Zariya. Da matata ta rasu, 'yata ta ɗauko ni ta kawo ni gidanta a ƙasar Turawa, a wani gari da ake kira Pleasant Garden, wai in huta. Hutun nan ya kusa kashe ni. Ita da mijinta su fice tun safe, jikoki su tafi makaranta, in sun dawo in ce musu sannu da zuwa, su amsa da Turanci su haye sama. Gida da gida akwai nisa, kowa a mota yake wucewa, ba wanda zai tsaya ya ce maka ina gajiya. Na yi kewar mutane har nakan buɗe rediyo don kawai in ji murya.

Wata safiya ina tsugune a gindin shinge ina juya wani ganye, sai na ji an ce, da Turanci, "Me ka gani?" Tsohuwar da ke gidan kusa da mu ce, Baturiya, tana dogara sanda. Na ce ba komai, na saba ne in na ga tsiro sai na duba shi. Ta ce in zagayo. Ashe ta taɓa koyar da ilimin tsirrai, shi ya sa na riƙa kiranta Malama, ita kuma ta karɓi sunan ba gardama.

A bayan gidanta akwai tarin duwatsu da mijinta ya jera kafin ya mutu. A tsagin duwatsun ta shuka wasu 'yan tsirrai da ita da mijin suka samo irinsu daga tsaunukan yammacin ƙasar. Ta ce sunansu rockcress, ni dai na sa musu furen dutse. Da na gan su sai da na yi dariya. Ɗan fure fari, ƙarami, mai ɓangare huɗu, ko akuya ba za ta waiwaye shi ba. Na ce, "Malama, ai duk abu ɗaya ne." Ta harare ni ta saman tabarau, ta miƙo mini wani ɗan gilashin ƙara girma.

Nan na koma ɗalibi da furfurata. Ta ce kada in yarda da fure, fure ba ya faɗin komai a wannan dangi. In duba ganye. Akwai mai santsi, ba gashi ko ɗaya, gindin ganyensa ya rungume kara. Akwai mai ɗan gashi, wanda in ya yi 'ya'ya kwansonsa yakan rataye ƙasa a lanƙwashe kamar lauje. Akwai gajere, ganyensa na ƙasa a tsattsage. Kullum da hantsi ina can, mu biyu a durƙushe, in na yi kuskure ta ce, "Sake dubawa, malamin gona." Ni kuma in tsokane ta in ce a garinmu wanda ya shuka abin da ba a ci sai a kai shi asibiti.

Akwai guda ɗaya da ita ma ba ta san ko wane ne ba. Irinsa ta tsinta a wata ambulan da mijinta ya ajiye bai rubuta komai a kai ba, kuma ƙwaya ɗaya ce kawai ta tsiro. Shekarar farko ganye ya baza a ƙasa, shi ke nan. Ta ce a shekara ta biyu zai yi kara, ya yi fure, sai ya yi kwanso za mu san sunansa. "Za mu" ta ce, kuma na ji daɗin wannan har raina.

Sanyi ya wuce, karan ya fara tashi, sai ta faɗi a ɗakin girki ta karya ƙugu. Aka tafi da ita. Kwana goma ina leƙen duwatsun ta shinge, ciyawa tana hawa su, musamman wata 'yar ciyawa mai farin fure da ke cika ko'ina a wannan lokaci. Raina ya ƙi kwanciya. A wajenmu in maƙwabci ya kwanta ciwo da damina ba a tambayarsa, fartanya ake ɗauka a nome masa gona, ya tashi ya tarar da ita fes. Na ɗauko fartanyar da na taho da ita daga gida. Gilashin kuwa na bar shi a kan tebur, don a ganina ni da ciyawa ba baƙon juna ba ne.

Na yi noma irin na gayya, da sauri, har ina 'yar waƙa. Sai da na zo kwashe ciyawar na ga wani kara mai ɗan kauri a cikin tarin, da 'yan furanninsa da ba su gama buɗewa ba. Na ɗauke shi na duba, ashe tsiron nan ne da ba mu san sunansa ba. Na koma tsagin dutsen da yake, babu komai sai ƙasa. Na mayar da shi, na zuba ruwa, na yi masa inuwa da kwali, amma na riga na datse saiwar. Kwana biyu ya bushe.

Ranar Asabar 'yata ta ce, "Baba, ba ni da shift yau, ba zan fita aiki ba, mu je ka gaida Malamarka." Muka bi ta titin Gate City Boulevard zuwa gidan jinyar da aka mayar da ita. Ta rame ƙwarai. Ta kama hannuna, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ya yi kwanso?"

Ni da manoma suka sani da faɗin gaskiya ko ta yi ɗaci, na buɗe baki na ce, "Tukuna, Malama."

Ta ce, "To, ka sa masa ido. In ya yi ka zo ka gaya mini, kai kaɗai na yarda da idonka."

Ban koma ba. Duk Asabar 'yata takan ce, "Baba, yau fa?" in ce sai wani satin, ƙafata na ciwo. Ta ɗauka tsufa ne. Na koma zaman rediyo, kuma wannan karon ni na jawo wa kaina.

Yanzu kaka ta shigo, ganyen itatuwa ya fara ja. Duk furen dutse da ke wannan ƙasa ya yi kwanso tuntuni, ya fashe, ya zubar da irinsa, kuma babu wanda ya fi Malama sanin haka. Tana da lambar 'yata. Har yau ba ta aiko ta tambaya ba.