Tukunyar Aro Ba Ta Komawa Wofi

Ni dai tun tasowata ban san wata sana'a ba sai daddawa. Wurin innata na gada, ita ce kuma ta bar mini babbar tukunyar nan ta ƙasa, baƙa wuluk, wadda sai mata biyu sun kama take hawa murhu. Zamanin Nasara ne, ana kashe anini mai huji. Sabon Birni muke zaune, ni kuwa ba mai son fita ba ce, ko biki sai an ja ni. Daddawata ke yawo a madadina. Wani bafatake mai jakai kan tsaya zaure, maigida ya miƙa mashi, ya kai kasuwar Isa, wata ma ya ƙetara da ita Maraɗi, ƙasar Faransa.

Wanda bai taɓa yi ba gani yake wasa ne. Kalwa, 'ya'yan ɗorawa ke nan, wuni guda take kan wuta. A sauke, a surfa da toka, a wanke, a sake dafawa, a rufe cikin kwando kwana uku, kana a daka a shanya. Da bafataken ya ga ta karɓu sai ya riƙa neman ƙari, ni kuma bakina bai iya a'a ba. Wata kalwar na wuta, wata na rufe, wata na rana. Ga shi ban yarda kowa ya taɓa mini taɓarya ba, wai kar a ɓata mini suna.

Wani rani na wayi gari ina kallon tukunyar kamar mun yi faɗa. Ba ciwo nike ba. Warin nan dai da nike tinƙaho da shi ne ya fara tada mini zuciya. Na ce wa maigida ya sallami bafatake, na bari. Ya ce, "Allah shi sa haka ya fi alheri."

Ana haka sai ga taubashiyata, ɗiyar kawuna da ke aure Kurawa, ta zo aron tukunya, za su yi suna.

Na ce, "Ɗauka, kar ki maido."

Ta ce, "Ke mai warin kalwa, yau rowa ta sake ki? Mi ya faru?"

"Na gaji. Za ni huta."

Ta dube ni, ta dubi kantar hannuna, ta sa anka ɗaura tukunya bisa jaki.

Na huta kam. Na yi barcin rana, na yi kitso, na zauna inuwar rumbu na sha hira da maƙwabta har sunka fara gudu na. Abu ɗaya ne ya dame ni: miya. Mun sayi daddawar kasuwa, maigida ya cinye tashi, ni ce na kasa gamawa.

Bayan mako biyu taubashiyata ta dawo, tukunya rufe da faifai. Na ce ai na ba ta.

Ta ce, "Ku birni ba ku da kunya. Mu can tukunyar aro ba ta komawa wofi."

Na buɗe, kalwa ce fal, ta ɗorawar gonar mijinta. Na ce ta kwashe abinta, na shiga ɗaki dama mata fura. Ina fitowa na iske ta tuttule ruwan randata duka ciki. Kalwa kuwa in ta sha ruwa, ko wuta ko juji, kuma ba ni iya zubar da abinci.

Ta ce, "Hura wuta, uwar raki. Kwana za ni yi."

Washegari, da anka zo surfe, ta riga ni ga taɓarya.

"Ba ki iya ba," na ce.

"Ke da taɓarya anka haife ki? Zauna."

Na zauna bisa tabarma, hannu bisa gwiwa, ina jin wata na yi mini surfe. Ban taɓa ji ba. Sautinta ba irin nawa ba ne, ta bar ɓawo nan da can, na cije na bar ta. Kwana uku na buɗe kwando, daddawa ta yi. Warin ya buge ni, zuciyata ba ta tashi ba.

Na ce wa maigida ya gaya wa bafatake tukunya ɗaya a mako, in bai ishe shi ba ga kasuwa nan. Daga zaure nike jin ƙorafinshi, amma ya ɗauka. Surfe kuwa na bar wa matan maƙwabta biyu, kowace ta tafi da ta miyarta. Taubashiyata ta sake zuwa aro da kaka. Na ba ta, amma sai da na ɓoye randa.