Dattijo Mai Shanya Batir

A kasuwar Bunkure, gaban teburin mai gyaran agogo, ga wani dattijo a tsugune. Ban san shi ba. Laka ta bushe a ƙafafunsa har ƙwauri, da gani daga ban ruwa ya fito. A hannunsa akwai agogon yayi mai lamba, amma fuskar agogon wayam.

Yana kwance ƙullin tsumma, sai ga 'yan batura kamar maɓallan riga. Yana ɗora ɗaya a harshe, yana girgiza kai.

"Malam, batirin rediyo in na shanya shi a rana yakan farfaɗo. Waɗannan kuwa na shanya su cikin kauɗar tumatir, shiru. Abu bai kai ƙwayar wake ba, a ce kuɗinsa ya kai na kwandon tumatir?"

"Baba, fitar da shi daga baki!" in ji mai gyaran. "Zaiba ce a ciki, guba ce. Ko a ruwa kada ka jefa."

Dattijon ya mayar da batirin cikin tsumman. Wataƙila da agogon yake gane lokacin da za a sako ruwa gonarsa, wataƙila tsarabar ɗansa ce daga Makka, oho. Yana duban tsumman, yana duban hanyar gona, ya rasa inda zai kai su. Can sai ya shiga laluben aljihu.

"Batir ɗaya fa babu," ya ce a hankali. "Kauɗar kuwa tun da hantsi mota ta tafi da ita Kano."